Ramukan Norbert a Hanyar Gawayi

Ƙarfe bakwai saura kwata, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, tsohuwar taraktar majalisar gari kan gangaro ta bayan coci tana tari tana hayaƙi. Duk wanda ya taɓa kwana a Saulvaux ya san ƙararta. A kanta Norbert Husson ne, hula har kunne, shebur ɗaure a baya, a aljihun kwat kuma burodi da cuku da matarsa Arlette ta naɗe masa. Ba ya ɗaga hannu gaba ɗaya don gaisuwa. Yatsu biyu kawai yake ɗagawa daga kan sitiyari, kuma da magajin gari da karen gidan mai gyaran famfo duk gaisuwa ɗaya suke samu. Daga nan ya haye gada ya shige kurmi, ba a sake ganinsa sai yamma, ya dawo da taɓo har gwiwa.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana kula da hanyoyin kurmin garinmu, kilomita goma sha bakwai. Ƙarshen watan nan zai ajiye makullin taraktar, ni kuwa na san halinmu: za a sha giya, a ci kek, a tafa masa, kashegari kowa ya kama gabansa. Shi ya sa na ce bari in rubuta. Aji ɗaya muka yi da shi a makarantar da yanzu ta koma ma'ajiyar kujeru, kuma da idona na ga mafi yawan abin da zan faɗa, har da inda ni kaina ban kyauta ba.

Kafin a gane abin da mutumin nan ya yi, sai an koma zamanin mahaifinsa. Émile Husson jan gungume yake yi da dawakai biyu, manya, masu gashi a ƙafa. Duk inda amalankensa ya bi da hunturu, ƙafafun ƙarfen nan sukan tsaga yumɓu su bar dogon rami hagu da dama. Ruwan Afrilu ya cika ramukan, rana ta ɗumama su, kafin Yuni kowanne ya zama gidan 'yan ƙararrawa. Haka muke kiransu. Ɗan kwaɗo ne da bai wuce tsawon babban yatsa ba, bayansa launin taɓo, in yana cikin ruwa sai ka kusa taka shi ba ka gani ba. Amma juya shi ka ga ikon Allah: ciki rawaya kamar gwaiduwar ƙwai, da dabbare-dabbaren baƙi. Kukansa kuma ba irin na kwaɗin tafki ba ne mai cika kunne. A hankali yake yinsa, huu, huu, sai ka ce ƙararrawar cocin wani gari ce iska ta kawo.

A bakin ramukan nan muka yi ƙuruciya. Gargaɗi ɗaya iyayenmu mata suke mana: wanda ya taɓa su kada ya murza ido, don fatarsu na da yaji. Ba wanda ya taɓa ji. Kowace Alhamis, ranar da ba makaranta, sai mu dawo gida idanu jajur, a yi mana faɗa, a ja mu wurin wankin gari a dirje mu. Allah sarki! Lokacin garin nan yana da gidan burodi biyu da maƙeri, yara kuma sun fi kujerun aji yawa.

Sai dawakai suka tafi, manyan motoci suka zo. Émile ya sayar da nasa yana hawaye, bai kuma ƙara shekara biyu a duniya ba. Aka ɗauki Norbert aiki yana da shekara ashirin da ɗaya, aka ce masa masu sayen katako suna son hanya sumul. Ya kuwa ɗauki maganar da zafi. Rami dai, ko bai wuce tafin hannu ba, in Norbert ya gan shi da safe ba ya kai yamma. Ya haƙa magudanai, ya zuba tsakuwa, ya daddaɓe. Daga garuruwan maƙwabta ake zuwa kallon hanyoyinmu, har wani magajin gari ya taɓa cewa a ba shi aron Norbert na wata guda. Mu kuma muna ta hura hanci.

Ba wanda ya lura da shekarar da kukan ya ɗauke. Ni dai na farga ne wata rana ina kwatanta wa 'yata shi, ta ce ita ba ta taɓa ji ba. Muka ɗora laifin a kan maganin feshin manoma, wasu suka ce hayaƙin masana'antu ne daga ƙetaren iyaka. Sau biyu masana suka zo daga birni da raga da takalman roba, suka gama yawonsu, suka rubuta cewa ɗan ƙararrawa ya ƙare a yankinmu. Norbert ne ma ya zaga da su a tarakta, suna ta yaba masa kyan hanya.

Shekara goma sha shida da suka wuce, cikin Maris, aka yi masa aikin ƙaba. Aikin bai yi daidai ba, ya yi wata uku a kwance. A hunturun da ya gabata kuwa motocin katako sun yi kaca-kaca da Hanyar Gawayi, wadda ke can ƙuryar kurmi inda masu ƙona gawayi suke zama a da. Ba wanda ya gyara. Arlette ta ce ciwon bai dame shi kamar hanyar ba, yana kwance yana cewa, "Me mutane za su ce?" Mutane kuwa sun ce. Ni na faɗa da keke a ɗaya daga cikin ramukan, na tashi ba a gane ni don taɓo, na dawo gida na rubuta wa majalisa takarda mai zafi har shafi biyu. Sakatare ya ce tana nan a ofis har yanzu, kuma ba na so a nuna mini.

Ranar da likita ya sallame shi, cikin Yuni, ya loda tsakuwa ya nufi can. Ya isa da tsakar rana, ya juya tirela a bakin rami na farko, sai ya ce bari ya ci burodinsa kafin ya fara juyewa. Ya kashe inji. Kurmi ya yi tsit. Yana cikin tauna ya ji: huu... huu...

Ya ce da farko ya ɗauka kunnensa ne, don tun daga asibiti yake jin wani amo. Ya sauka a hankali yana dafe da ɗinki, ya durƙusa a taɓo, ya ga idanu biyu sun leƙo saman ruwa. Ya sa hannu ya kamo, ya juya. Rawaya da baƙi.

Ƙarfe biyu Arlette ta ga tarakta ta dawo da tsakuwarta ko cokali ba a taɓa ba, mijinta kuma idanu jajur.

"Lafiya? Ɗinkin ne ya farke?"

"Ba ɗinki ba ne."

"To me ya sami idonka? Kuka ka yi?"

"Wane irin kuka, ke kuma! Taɓa shi na yi, na manta na murza ido."

"Taɓa wa?"

"Sa takalmin roba ki zo. In na faɗa miki, cewa za ki yi maganin asibiti bai sake ni ba."

Arlette ta ce mini ta yarda fatar kwaɗon na da yaji, amma ba ta taɓa jin yajin da ke sa kafaɗun mutum rawa ba.

Bayan mako guda aka turo wata masaniya daga jami'a, sunanta Solène, doguwa mai saurin magana. Ta yini tana bin ramukan a kan gwiwa, ta ƙirga goma sha ɗaya, kusan duka tsofaffi, don halittar tana iya yin shekara goma sha biyar ko fiye. Ta ce sun daɗe suna ɓuya a ƙarƙashin ruɓaɓɓun gumagumai, suna lallaɓa rayuwa da ɗan ruwan da ke kwanciya inda aladun daji suka yi birgima. Ta bayyana wa Norbert cewa ba sa yin ƙwai a tafki ko rafi, don can kifi da ƙwari za su cinye. Sabon rami suke so, marar zurfi, mai yumɓu, wanda rana ke duka. Sawun taya dai, a taƙaice.

"A wurare da yawa abin da ya gama da su ke nan," in ji ta, tana rubutu ko ɗagowa ba ta yi ba. "Sai a sami wani sarkin tsafta ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya yana cikewa. Ku nan wa yake muku wannan ɗanyen aikin?"

Norbert ya cire hula. "Ni ne, Madame."

Ta ɗago. "Tun yaushe?"

"Shekara ashirin da biyar. Ban taɓa tsallake ko ɗaya ba, sai bana da na kwanta."

Baiwar Allah ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ta fara ba shi haƙuri, ya ce ta bari, gaskiya ta faɗa. Abu ɗaya ya tambaye ta: yaya ake yin irin ramin da suke so?

Na sha tuna wannan tsayuwa taka, Norbert. Da yawanmu, da za a ce mana abin da muka yi shekara ashirin da biyar muna alfahari da shi ɓarna ce, gardama za mu yi har mu mutu. Kai ba ka yi ba. Abin ya ci ka, na sani, don wata guda cur ba a gan ka a shagon shan kofi ba. Amma ba ka nemi wanda za ka ɗora wa ba, alhali kana iya cewa umarni aka ba ka, kuma da ka faɗa da gaskiyarka.

Sai dai hanyar ba tasa ba ce, ta gari ce, katako kuma shi ne abincin garin. Mai sayen katako ya ce a zuba tsakuwa a Hanyar Gawayi don motocinsa su riƙa shiga duk shekara. Magajin gari na lokacin, Gaston Lallement, wanda shi ma ajinmu ɗaya, ya kira taro, ya karanta takardata a gaban kowa, ni ina zaune kamar in nutse.

"Norbert, Litinin ka fara," in ji shi.

"Ba zan fara ba, Gaston."

Kowa ya waiga ya kalli Norbert. Mutumin nan bai taɓa cewa a'a ba, ko da ranar Lahadi aka ce ya je ya janye mushen barewa daga titi.

"A nan ba Gaston ba ne, magajin gari ne."

"To, ranka ya daɗe magajin gari, ba zan fara ba."

"Saboda kwaɗi? Kwaɗi goma sha ɗaya? Haba! Rufin coci na yoyo, da kwaɗi zan toshe shi?"

"Kai fa ka fi kowa cika aljihu da su muna yara. Ka manta ranar da babarka ta sa hannu a wandonka za ta wanke, aka ji ihunta har maƙera?"

Aka fashe da dariya, Gaston ya yi ja har kunne. Ya buga tebur ya ce masu neman aikin nan suna da yawa, in Norbert ya gaji ya faɗa yanzu. Ba wasa yake ba kuwa, ga shi lokacin 'ya'yan Norbert biyu suna karatu a birni. Na waiga na ga Arlette a bayan ɗaki ta riƙe jakarta da hannu biyu.

Norbert bai ɗaga murya ba. "Ban ce kada a fitar da katako ba," in ji shi. "A fitar da shi daga Oktoba zuwa Maris, lokacin kwaɗin suna barci a ƙarƙashin ƙasa. Motocin su tsaga hanyar son ransu, ramin ma su za su yi mini. In Afrilu ta kama in sa sarƙa a bakin hanya. Haka babana yake yi da dawakai, ba don kwaɗi ba, don lokacin ne itace ba ruwa a jikinsa. In kuma tsakuwar kuke so, ga makulli, ku nemi wani. Wadda hannuna ya zuba ta ishe shi."

Aka ɗaga hannu, 'yan majalisa bakwai suka bi Norbert, huɗu suka ƙi. Gaston bai sake yi masa magana ba sai da Kirsimeti. Gaston ɗin ya rasu shekara huɗu da suka wuce, Allah ya ji ƙansa, kuma a Yuninsa na ƙarshe, lokacin ba ya iya takawa, ya sa matarsa ta kai shi bakin sarƙar a mota, ta sauke gilashi, suka zauna kusan awa guda suna saurare.

Daga ranar taron muka ga abin da ba mu taɓa zaton gani ba: Norbert Husson yana koyon lalata hanya. Ya sha wuya kuwa. Yakan jira a yi ruwa, ya hau tarakta ya yi ta gaba da baya a wuri ɗaya har yumɓu ya danne, ramin ya riƙe ruwa. Ya sassare rassan da ke tare rana. Da kansa ya gano cewa rami in ya yi shekara biyu zuwa uku ya tsufa, ciyawa ta rufe shi, 'ya'yan ƙwaron mazari sun tare a ciki suna cinye talibambam, dole a yi sabo a gefensa. Arlette ta ce a shekarar farko in suna tafe tare sai ta ga ƙafarsa na tura tsakuwa cikin rami ba da saninsa ba, sai ta zungure shi da gwiwar hannu.

A shagon shan kofi kuwa an sami abin yi.

"Norbert, akwai wani ɗan rami a ƙofar gidana, ko za ka zo ka ƙara masa zurfi?"

"Sarkin kwaɗi, yaya talakawanka?"

"Lafiyarsu lau," yakan ce yana gauraya kofinsa. "Su dai ba sa rubuta takarda." Sai ya kalle ni ta gefen ido.

Shekarar da aka yi farin nan ba zan manta ba. Sati shida ba ɗigon ruwa, ramukan suka fara tsotsewa da talibambam a ciki, saura kwana goma ƙafafunsu su fito. Ruwan famfo kashe su yake yi saboda maganin da ake sa masa, don haka ya koma tsohon wurin wankin gari, inda idon ruwa ke tsiyaya siriri kamar zare. Da bokiti yake tara, ya cika tanki, ya yi kilomita huɗu, sau uku a yini, a cikin hutunsa na shekara, da gwiwar da likita ya ce a hutar da ita. Na bi shi rana ɗaya wai zan taya, kafin tsakar rana na zube a inuwa ina haki. Cikin ramuka talatin da biyu, biyar ya iya ceta. Ina tsaye ya tarar da na shida ya bushe, ƙananan baƙaƙen abubuwa manne a tsagaggen yumɓu. Ya ɗauki bokitinsa ya wuce na gaba.

Solène ta nuna wa Norbert da Arlette cewa zanen cikin kowane ɗan ƙararrawa daban yake, don haka Arlette ta buɗe kundin hotuna don a riƙa gane su. Yanzu a falonsu hotunan jikoki kanta ɗaya suka samu, na cikin kwaɗi sun cinye uku. Bara sun ƙirga ɗari uku da arba'in. In ka tsaya a kan gada cikin Yuni, ranar da ba iska, za ka ji su. Ni duk lokacin da na ji sai in tuna waɗanda muka ji su tare, mafi yawansu kuma suna kwance a bayan coci. Daɗi da baƙin ciki suke haɗe mini, ban kuma so ɗaya ya tafi ya bar ɗaya.

Ɗan Émile, mai hannun yumɓu, kai ne ka dawo mana da wannan. Ba ka yi karatun abin ba, ba ka taɓa fitowa a jarida ba, a rahoton jami'a ma sunanka yana can ƙasa cikin waɗanda aka gode wa, an kuma rubuta shi ba daidai ba. Kai ne ka tsaya a gaban garinku ka ajiye makullin abincinka a kan tebur saboda halittar da ba za ta taɓa sanin ka yi ba. Mun yi maka dariya, ka yi tare da mu. Mun gode, Norbert. Mun gode, Arlette, da wankin wando mai taɓo na shekara arba'in da ɗaya.

Amma godiya ba ta haƙa rami. Majalisa ta ce ba za ta ɗauki wani a gurbinsa ba, garin ya ragu, za a riƙa kiran kamfani sau biyu a shekara ya zo da gireda. Sun yi alkawarin ba za a taɓa Hanyar Gawayi ba, har wasu na cewa to ai magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. An gama sare katakon wancan ɓangaren, motoci ba za su sake shiga ba sai bayan shekara ashirin. In aka bar hanyar ba mai taɓa ta, nan da shekara uku ramukan sun tsufa, nan da goma kurmin ya sake yin shiru.

Asabar da ta wuce magajiyar garinmu ta yanzu, Madame Thiéry, ta tare shi a bakin ofis.

"Norbert, me za mu saya maka na sallama? An ce sandar kamun kifi."

"Ni da kifi? Madame, ku bar abinku. Mutum tara nake so."

"Mutum tara na me?"

"Na raba hanyar gida tara. Kowa ya ɗauki yanki ɗaya, Asabar biyu a watan Maris, da sheburinsa. Manomi ɗaya ya ba da aron tarakta. Gwiwar nan ba za ta sake hawa ba, amma baki na nan. Zan zauna a kan gungume in yi ta yi muku faɗa."

Ya ciro takarda daga aljihu, ya ja mata layi tara da rula, ya manna a ƙofar majalisa.

Jiya na je na duba. Ma'aikaciyar jinyar garinmu ta sa sunanta, da 'yan'uwan nan biyu manoma na bakin rafi, da mutumin Holland da ya sayi tsohon gidan maƙeri. Solène ta sa nata, ita da za ta yi tuƙin awa biyu kafin ta iso. Na shida nawa ne, da shekaruna da bayan nan nawa. Layi uku ba kowa.

Kullum da yamma in ya dawo daga kurmi yakan rage gudu a gaban ƙofar, ya duba, ya wuce. Bai roƙi kowa ba, kuma ba zai roƙa ba, na san shi tun muna 'yan shekara shida. Ni ce nake roƙo. Ba a bukatar ka iya komai, shi ma sai da ya haura arba'in ya koya. Akwai biro ɗaure da zare a jikin ƙofar.